Abin da ke hana tsofaffin kwamfutoci jituwa da sabuwar manhajar Windows

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da manhajarsa ta Windows 10, bayan ta shafe shekaru goma tana aiki. Ma'anar hakan ita ce kamfanin ya daina aike wa masu amfani da ita gyare-gyaren tsaro kyauta kamar yadda ya saba yi a kowane wata, yana mai shawartar su da su koma Windows 11.

To sai dai kuma ɗimbin kwamfutocin da ke aiki a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba su cika sharuɗɗan da sabuwar manhajar ta gindaya ba, duk kuwa da cewa lafiyarsu ƙalau.

Wannan matsala ta rashin jituwa tsakanin na'ura da sabuwar manhaja daɗaɗɗiya ce, kusan duk lokacin da aka fito da sabuwar Windows sai ta taso. Abin da ya bambanta shi ne wanda nauyinta ke faɗawa a kansa. A ƙasashe masu arziki akan ajiye tsohuwar kwamfuta a sayi sabuwa. Ita kuwa wadda aka ajiye ɗin, sau da yawa ita ce ke shigowa tashar jiragen ruwa ta Legas a cikin kwantena, daga nan ta bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ta iso titin Beirut a Kano, kafin ta ƙare a kan teburin wani mai buga takardu a Katsina ko Dutsin-Ma ko Batsari.

Mene ne direba?

Kowace kwamfuta ta ƙunshi abubuwa biyu. Akwai sassan da ake iya taɓawa da hannu, kamar furosesa wadda ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM, da faifan ajiyar bayanai, da allon kallo, da kuma na'urorin da ake jonawa daga waje irin su firinta da sikana. Sannan akwai babbar manhaja, wato Windows ko Linux ko macOS, wadda ke tafiyar da dukkan waɗannan sassa, kuma a kanta ne sauran manhajoji kamar Word da CorelDRAW ke zama.

Babbar manhaja ba ta iya magana da firinta kai tsaye. Tsakaninsu akwai wata ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba, wadda aikinta ya yi kama da na tafinta: tana karɓar umurni daga Windows ta mayar da shi harshen da wannan firinta ke ji. Galibi kamfanin da ya ƙera na'urar ne ke rubuta direbanta, kuma yana rubuta shi ne daidai da ƙa'idojin babbar manhajar da ake yayi a lokacin.

Idan aka fito da sabuwar babbar manhaja, aka sauya waɗannan ƙa'idoji, to tilas a sake rubuta direban. A nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin da ya sayar da firinta shekaru goma sha biyu da suka wuce ya riga ya ci ribarsa, ba shi da wata moriya a biyan injiniyoyi su sake rubuta mata direba. Hasali ma moriyarsa ita ce mai ita ya sayi sabuwa. Ta haka ne na'urar da ba ta da wata naƙasa ke zama tamkar gunki a kan tebur.

Wani abin lura shi ne, yawancin direbobi na aiki ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, inda kuskure ƙanƙane ke iya kayar da kwamfutar baki ɗaya, ta nuna shuɗin allon nan da masu amfani da Windows suka sani. A watan Afrilun 1998, yayin da Bill Gates ke nuna wa jama'a Windows 98 a wani bikin baje koli a birnin Chicago, sai kwamfutar ta nuna shuɗin allo a gaban mahalarta a daidai lokacin da wani ma'aikacinsa ya jona mata sikana. Shekaru 26 bayan haka, a ranar 19 ga watan Yulin 2024, wani gyara mai kuskure da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa manhajarsa mai aiki a wannan mataki ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi a faɗin duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, lamarin da ya tsayar da jiragen sama da bankuna da asibitoci.

Darasin Vista

Babu wata manhaja da ta yi ƙaurin suna a wannan fanni kamar Windows Vista, wadda aka fara sayar wa jama'a a ranar 30 ga watan Janairun 2007. Kafin zuwanta duniya ta shafe fiye da shekaru biyar tana amfani da Windows XP, wadda ta fito a watan Oktoban 2001, kuma kusan kowace na'ura da ke kasuwa tana da direban XP.

Vista ta zo da sauye-sauye masu zurfi. Ta kawo sabon tsarin direbobin hoto da ake kira WDDM, ta sake fasalin yadda sauti ke aiki, sannan nau'inta mai bit 64 ya ƙi karɓar duk wani direban da ba shi da sa hannun da aka tantance. Ta fuskar fasaha akwai hikima a cikin waɗannan matakai, domin an yi su ne don a rage faɗuwar kwamfuta da kuma kutsen ɓata-gari. Amma kamfanoni da dama ba su shirya ba. Mutane suka sayi sabuwar kwamfuta suka tarar firintarsu ba ta bugu, sikana ba ta ɗauka, katin sauti ya rasa rabin aikinsa.

Wasu takardun cikin gida na Microsoft da suka fito fili a kotu a shekarar 2008 sun nuna cewa, daga cikin faɗuwar Vista fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da aka tattara bayanansu a wani lokaci na 2007, kusan kashi 29 cikin ɗari sun samo asali ne daga direbobin kamfanin Nvidia mai ƙera katin hoto. Na Microsoft kansa sun kai kusan kashi 18 cikin ɗari, sai kamfanonin ATI da Intel da kowannensu ke da kimanin kashi 9.

Ita wannan shari'a, wadda aka shigar a birnin Seattle a 2007, ta taso ne a kan wata 'yar takarda da aka riƙa mannawa a jikin kwamfutoci tun kafin Vista ta fito, wadda ke shaida cewa kwamfutar za ta iya ɗaukar sabuwar manhajar. Masu ƙara suka ce an yaudare su, domin da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ba sa iya ɗaukar komai sai nau'in Vista mafi ƙanƙanta, wanda ba shi da ƙawar da aka yi ta tallatawa. Saƙonnin da aka gabatar sun nuna cewa an sassauta sharuɗɗan samun wannan shaida ta yadda za su haɗa da wani tsohon sashen hoto na Intel mai lamba 915, kuma wasu manyan jami'an Microsoft da kansu sun koka da abin da ya same su a kwamfutocinsu na gida.

Akwai kuma batun nauyi. Windows XP na iya tashi da RAM mai megabait 64, ko da yake an fi so ya kai 128. Vista kuwa ta nemi aƙalla megabait 512, kuma ba ta sakewa sai da gigabait ɗaya ko fiye. Tun a watan Afrilun 2007 kamfanin Dell ya koma sayar da wasu kwamfutocinsa da XP saboda matsin lambar masu saye.

A Najeriya wannan lokaci ya zo daidai da bunƙasar shagunan kafe na intanet, waɗanda akasarinsu ke aiki da tsofaffin kwamfutocin Pentium da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Irin waɗannan ba su ma kusanci sharuɗɗan Vista ba. Abin da ya zama ruwan dare shi ne mutum ya sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Vista, ya wuce da ita wurin mai gyara a goge a ɗora masa XP. Nan ma sai a ci karo da matsalar ta ɗaya ɓangaren, domin sabuwar kwamfutar ba ta da direbobin tsohuwar manhaja. Wani lokaci faifan XP ba ya ma ganin ma'ajiyar kwamfutar sai an sauya wani saiti a cikin BIOS, kuma bayan an gama sai a shiga farautar direban sauti da na Wi-Fi ɗaya bayan ɗaya.

Windows 7, wadda ta fito a watan Oktoban 2009, ta samu karɓuwar da Vista ta rasa, alhali kuwa a kan harsashin Vista aka gina ta. Abin da ya sauya shi ne kamfanoni sun samu shekaru kusan uku suna gyara direbobinsu, kuma kwamfutocin kasuwa sun ƙara ƙarfi. Ana iya cewa Vista ce ta sha dukan, Windows 7 ta ci gajiyar.

Kwamfutocin gwanjo

Girman matsalar a Najeriya na da nasaba da yadda ake samun kwamfuta. A shekarar 2005 ƙungiyar Basel Action Network mai fafutukar kare muhalli ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa kwantenoni kimanin 500 na tsofaffin kayan laturoni ne ke shiga Legas a kowane wata, kuma 'yan kasuwar da ta tattauna da su sun ce kaso mai yawa na kayan ba ya gyaruwa. Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da tan dubu 60 na irin waɗannan kaya a shekara, kuma aƙalla tan dubu 15 daga ciki matattu ne.

Amma fa ba duka ne shara ba. Kwamfutocin da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke sallamawa bayan shekaru uku zuwa biyar, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, an ƙera su ne da ƙwari, kuma sau da yawa sun fi sabuwar kwamfuta mai araha juriya. Su ne ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ke iya saye don rubuta kundin kammala karatu. Su ne kuma ke cike ɗakunan jarrabawa tun bayan da hukumar JAMB ta fara jarrabawar kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita dole ga kowa a 2015.

Ke nan mai saye a arewa yakan fara amfani da kwamfuta ne a lokacin da ta riga ta cinye rabin wa'adin da masu ƙera ta suka ɗiba mata. Duk ƙa'idar da za ta yanke tsofaffin na'urori, shi take fara samu.

Sharuɗɗan Windows 11

Lokacin da Windows 10 ta fito a watan Yulin 2015, sharuɗɗanta ba su da wani bambanci mai yawa da na Windows 7, don haka kusan duk kwamfutar da ke ɗauke da waccan ta iya ɗaukar wannan. Windows 11, wadda ta fito a ranar 5 ga watan Oktoban 2021, ta sauya wannan al'ada.

Wasu daga cikin sharuɗɗanta masu sauƙi ne: RAM mai gigabait 4 da ma'ajiya mai gigabait 64. Ta kuma yi watsi da nau'in bit 32 gaba ɗaya, wanda ke nufin duk na'urar da direbanta na bit 32 ne kawai ta tashi aiki. Amma sharuɗɗa biyu ne suka fi yi wa jama'a illa.

Na farko shi ne TPM 2.0, wani ɗan sashe na tsaro da ke adana mabuɗan sirri ta yadda ɓarawon bayanai ba zai kai gare su cikin sauƙi ba. A wasu kwamfutoci guntu ne mai zaman kansa a jikin babban allon kwamfuta, a wasu kuma yana cikin furosesar kanta, inda Intel ke kiransa PTT, kamfanin AMD kuma ke kiransa fTPM. Kwamfutoci da dama suna da shi amma a kashe yake, don haka kafin a yanke wa kwamfuta hukunci yana da kyau a leƙa cikin BIOS a gani ko kunnawa kawai yake buƙata. Wasu kuma suna da tsohon nau'insa mai lamba 1.2, wanda a wasu samfura ake iya ɗaga shi zuwa 2.0.

Na biyu, wanda ba shi da magani, shi ne shekarun furosesa. In ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, Microsoft ya amince ne kawai da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017, da kuma AMD Ryzen daga jerin 2000 na shekarar 2018. Wannan layi da aka ja ya ratsa ta tsakiyar kasuwar gwanjo. EliteBook 840 G3, wadda ta yi farin jini matuƙa a Najeriya, tana ɗauke da furosesa zubi na shida ne, saboda haka ta faɗi, ko da kuwa tana da RAM mai gigabait 16 da faifan SSD mai sauri.

Microsoft ya kare matakin da cewa sababbin furosesoshi ne ke iya ɗaukar matakan tsaron zamani ba tare da kwamfuta ta yi nauyi ba, kuma alƙalumansa sun nuna ba su cika faɗuwa ba. Masu suka kuwa na ganin an yanke wa na'urori masu rai hukuncin kisa. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne ka iya zama shara sakamakon ƙarewar wa'adin Windows 10. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai waɗanda suka ja layin ba su ne ke biyan kuɗin sabuwar kwamfuta da Naira ba, musamman bayan faɗuwar darajar kuɗin tun daga tsakiyar 2023.

Akwai wani sharaɗin da ba a cika ambato ba, wato buƙatar intanet. Nau'in Windows 11 na gida ya zo da ƙa'idar cewa sai an jona kwamfuta da intanet an kuma shiga da asusun Microsoft kafin a kammala ɗora shi, daga baya kuma aka faɗaɗa ƙa'idar. A ranar da manhajar ta fito, mazauna Batsari da Safana da ƙauyukansu irin su Darini ba su da layin waya ma balle intanet, domin a watan Satumban 2021 an katse hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ko a lokacin da layi ke aiki, sauko da manhajar da ta haura gigabait biyar, da direbobin da kan kai ɗaruruwan megabait, ba ƙaramin kuɗin data ba ne, kuma yana buƙatar wutar da za ta tsaya har a gama. Masu tsara waɗannan manhajoji sun ɗauka kowa na da intanet da lantarki dare da rana.

Firinta da na'urar ɗaukar yatsa

Ga mai shagon buga takardu, abin da ya fi muhimmanci shi ne na'urorin da ke jone da kwamfutar, domin su ne jarinsa. Tsohuwar firinta mai amfani da garin tawada na iya shekara goma sha biyar tana aiki, ana cika mata tawada ana sauya mata ƙananan sassa. Haka sikana, da injin hoton takardu da ake shigowa da shi na hannu, da na'urar buga katin shaida, da na'urar ɗaukar hoton yatsa da ake rajistar jarrabawa ko ta masu yi wa ƙasa hidima da ita. Kowace daga cikinsu na rataye ne a kan direba. Sikana ta fi saurin mutuwa a irin wannan sauyi, domin firinta sau da yawa takan karɓi direban wata 'yar uwarta ko direban gama-gari na kamfaninta, ita kuwa sikana ba kasafai take yarda ba.

Waɗanda suka yi zamanin modem ɗin da ake soka wa kwamfuta, na kamfanonin MTN da Glo da Zain da Starcomms, sun san wannan wahala. Manhajar modem ɗin na cikinsa ne, an rubuta ta don XP ko Vista, don haka idan aka soka shi a sabuwar Windows sai kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin faifan CD kawai.

A shekarar 2023 Microsoft ya sanar da cewa zai janye sannu a hankali daga rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni ta hanyar Windows Update, a wani shiri da zai kai 2027, domin a koma ga direba guda na gama-gari da sababbin firintoci ke ji. Wannan sauƙi ne ga mai sabuwar firinta. Mai tsohuwa kuwa, ya kamata ya adana kwafin direbansa a filas, kada ya dogara da cewa zai same shi a intanet gobe.

Haruffa masu lanƙwasa

Masu rubutu da Hausa sun fuskanci wani nau'in rashin jituwa na daban. Allon rubutun da ke zuwa da kwamfutocin gwanjo na Ingilishi ne, wani lokaci ma na Jamusanci ko Faransanci, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffa mai suna Rabi'at, wanda ya bai wa marubuta da maɗaba'u damar buga waɗannan haruffa. Matsalar salon haruffa na wancan zamani ita ce, idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da shi, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Akwai rubuce-rubuce da dama na wancan lokaci da sai an bi su da gyara kafin su karantu a kwamfutar yau.

A wannan fanni sababbin manhajoji alheri suka zo da shi. Tsarin Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma daga Windows 7 an saka tsarin allon rubutun Hausa a cikin manhajar kanta, sai dai mutum ya zaɓe shi a saiti.

Linux da sauran hanyoyi

Wanda kwamfutarsa ta faɗi sharuɗɗan Windows 11 yana da zaɓi kaɗan, kuma kowanne da nasa cikas.

Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun jama'a shirin ƙarin gyaran tsaro na Windows 10 na shekara guda, wanda aka tsara ƙarewarsa a ranar 13 ga watan Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya jona kwamfutarsa da asusun Microsoft ya adana saitinsa a can. Jinkiri ne kawai aka samu.

Akwai kuma hanyar da masu gyara suka fi bi, ta tsallake binciken sharuɗɗan ta amfani da manhajoji irin su Rufus a ɗora Windows 11 da ƙarfi. Kwamfutar takan yi aiki, amma Microsoft ya ce ba ta da tabbacin samun gyare-gyare, kuma kowane babban sabuntawa na iya buƙatar a sake dabarar. Nau'in 24H2 na shekarar 2024 ya rufe ƙofa gaba ɗaya ga furosesoshi irin su Core 2 Duo, domin yana buƙatar wasu umurnai da babu su a cikinsu, kuma wannan babu dabarar da ke tsallake shi. Illar wannan hanya ga kasuwa ita ce, ganin Windows 11 a kan kwamfutar da ke kan kanta bai zama shaidar cewa ta cika sharuɗɗa ba.

Ci gaba da amfani da tsohuwar manhaja ba tare da gyaran tsaro ba shi ma yana da haɗari. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da dubu 200 a ƙasashe kimanin 150, ciki har da na asibitocin Birtaniya, ta hanyar wata ɓaraka da aka riga aka fitar da maganinta watanni biyu kafin nan amma ba a ɗora ba. Kwamfutar da ba ta shiga intanet, wadda aikinta kawai tuƙa tsohuwar firinta, haɗarinta da sauƙi, ko da yake filas ɗin abokan ciniki na shigo da nasu cututtukan. Wadda ake shiga banki ko rajistar ɗalibai da ita kuwa, lamarinta daban ne.

Sai kuma Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, wadda nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint ke tafiya lafiya a kan kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi. Yawancin direbobinta na cikinta, kuma takan ci gaba da jin tsofaffin na'urorin da Windows ta manta da su, ko da yake wasu katunan Wi-Fi na kamfanin Broadcom kan ba da wahala. Ga ɗalibi mai rubutu da bincike ta wadatar. Cikas ɗinta shi ne CorelDRAW, wadda shagunan buga katin biki da kalanda suka dogara da ita, ba ta da nau'in Linux, haka ma manhajojin rajista da dama na hukumomi don Windows kawai aka rubuta su.

Najeriya ta taɓa zama fagen wannan takara. A shekarar 2007 aka ƙulla cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda dubu 17 domin makarantu, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. A ƙarshen watan Oktoban shekarar shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa an shawo kan masu cinikin su goge Linux su ɗora Windows. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba, daga baya kuma hukumar gwamnati da ke biyan kuɗin mafi yawan kwamfutocin ta ce za ta bar su da Mandriva.

Abin dubawa kafin saye

Lambar furosesa ce ke faɗin gaskiyar shekarun kwamfuta, kuma ana ganin ta a cikin saitin Windows. A furosesar Intel Core, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: i5-6300U zubi na shida ce, i5-8250U kuma na takwas. Daga zubi na goma lambobi biyu ne na farko. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta nuna sabunta, domin i7 ta zubi na huɗu ta girmi i3 ta zubi na takwas da shekaru huɗu. Sunan samfurin ma bai isa ba, saboda akwai samfura kamar ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da aka fitar da wasunsu da zubi na bakwai, wasu da na takwas.

Ana sanin halin TPM ta hanyar rubuta tpm.msc a wurin bincike na Windows, sannan manhajar PC Health Check ta Microsoft na faɗin ko kwamfuta ta cika sharuɗɗa da kuma inda ta gaza. A shafin Device Manager kuwa, duk na'urar da ke da alamar ruwan ɗorawa a gefenta ba ta da direba ko direbanta ya samu matsala. A cikin bayananta akwai lambar shaida da ke nuna kamfanin da ya ƙera ta: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 kuma na Broadcom. Da wannan lamba ake neman direban da ya dace a shafin kamfanin, maimakon shafukan da ke alƙawarin direbobi kyauta suna cusa wa kwamfuta tallace-tallace da cututtuka.

Wani ƙaramin abu da ke rikita masu tsofaffin kwamfutoci shi ne batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin babban allon kwamfuta. Idan ya mutu, kwamfuta kan manta kwanan wata da saitin BIOS duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai shafukan intanet su ƙi buɗewa, sabuntawa ta ƙi sauka, a ɗora wa sabuwar manhaja laifi. A yawancin kwamfutocin tebur batirin mai lamba CR2032 ne, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa.